Littafin aikin a-kori-kurata: neman sandar da za ta hana baya tsalle

2 ga Maris

Daga yau komai zan dinga rubutawa, dan kaina ya daina riƙe abin da na taɓa da wanda ban taɓa ba. Motar dai a-kori-kura ce mai ƙofa biyu, gajeren baya, injin V8, giya otomatik, bayanta kuma sifirin ne mai ganye irin na kowace motar ɗaukar kaya. Wanda na saya a hannunsa ya riga ya sauke ta ƙasa, ya ɗora aksil a saman sifirin maimakon ƙarƙashinsa yadda ta fito daga kamfani.

Jiya na yi gudu uku a filin tsere. Fitila na yin kore na danna totur sai baya ya kama dukan ƙasa dam dam dam kamar ana daka a turmi, madubi na rawa, haƙorana na haɗuwa, dole na ɗaga ƙafa na sake takawa. Mafi kyau a cikin ukun, ƙafa 60 na farko cikin daƙiƙa 2.21, kwata mil ɗin gaba ɗaya cikin daƙiƙa 13.84. Injin nan wallahi ya fi ƙarfin wannan lamba, ƙasa ce kawai ba ya samun kamawa. Wani dattijo da ke kusa da ni a layi ya leƙo ya ce, yaro, ka sa mata tarakshin ba tun kafin ta watsar maka da farfela a hanya. Na ce to Baba, na gode. Tarakshin ba ita ce sandar da ke hana baya tsalle, farfela kuma dogon ƙarfen nan ne da ke kai ƙarfin inji daga giya zuwa aksil na baya.

4 ga Maris

Na ɗaure tsohuwar waya a jikin shasi tana kallon aksil, na tashi da ƙarfi sau biyu a wani fili da babu kowa. Da na rage gudun bidiyon sai na ga abin da idona. Taya na juyawa gaba, shi kuma gangar jikin aksil yana son juyawa baya, hancinsa inda farfela ke shiga ya ɗaga sama, sifirin ya lanƙwashe kamar harafin S, gabansa ya kumburo. Yana kai iyakarsa sai taya ta sulɓe, sifirin ya fizgo ya dawo, taya ta sake cafkar ƙasa, a sake sabon lale, kuma duk wannan sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Ashe tsallen ke nan. Sifirin mai ganye aiki biyu aka ɗora masa, ɗaukar nauyi da riƙe aksil kar ya murɗa, na farkon yana iyawa, na biyun kuwa da ƙarfin inji ya ƙaru sai ya gaza. Ga kuma bayan a-kori-kura ba nauyi, inji da direba duk suna gaba.

Abin ya ɗan kwantar min da hankali da na tuna ko Dodge Ram SRT-10, wadda aka yi daga 2004 zuwa 2006 da injin Viper mai silinda 10 da doki 500, sai da kamfanin ya ƙara mata shokazoba na biyar a kan aksil na baya saboda wannan tsallen. To ni wa.

7 ga Maris

Kwana uku ina karatu da tambaya, sandar iri huɗu ce ke ta dawowa.

Akwai silafa ba, tsohon yayi, ƙarfe ne miƙaƙƙe da ake ɗaurewa ƙarƙashin sifirin da yu-bol, wato ƙusoshin nan masu siffar U da ke riƙe aksil da sifirin, a bakinsa na gaba akwai dunƙulen roba, aksil na fara murɗawa sai robar ta tashi ta mari sifirin ta tsayar da shi. Shi ya fi araha nesa ba kusa ba kuma babu walda. Akwai doguwar sanda da ke tashi daga aksil har tsakiyar shasi, irin wadda masu manyan dizal ke sawa. Akwai lada ba mai kama da tsani, wannan sai an yi walda a jikin aksil. Sai kuma tsarin CalTracs na kamfanin Calvert Racing, wanda sandarsa ke tura wani faranti mai kusurwa uku da ke juyawa a kan idon sifirin na gaba, wato naɗaɗɗen bakinsa da ake ɗaurewa a shasi, farantin kuma yana da fin a sama da ke danne ganyen kar ya kumburo. Wasu kamfanonin ma suna yin masu kama da shi.

Zuciyata na kan na ƙarshen amma aljihu ya ce silafa, kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na wancan ba. Na yi odar irin wanda aka rubuta wai yana shiga kowace mota.

12 ga Maris

Ya iso. Fenti mai kyau dai kam.

14 ga Maris

Na ɗaura, awa biyu da rabi. Abu ɗaya bai min ba, robar ba ta kai ƙarƙashin idon sifirin ba, ta tsaya wajen santimita 12 kafin nan, a kan ganyen kansa. Sifirin motar kaya ya fi na ƙananan motoci tsawo, shi kuma ƙarfen da alama da ƙaramar mota aka auna shi. Na kira ogan da ke min walda na nuna masa, ya tsuguna ya daɗe yana kallo sannan ya ce wannan in ya mara a nan ganye zai lanƙwasa, kawo in ƙara masa tsawo gobe. Na ce Oga gobe akwai fili, bari in gwada tukun. Ya ce to, motarka ce. Na yanke robar na bar tazara kamar kaurin ɗan yatsa a kowane gefe.

15 ga Maris

Ban ma san ta ina zan fara ba.

Gudu na farko abin ya yi daɗi, tsallen ya ragu sosai, ƙafa 60 cikin 2.08, har na fara yi wa kaina kirari a cikin mota. Na biyu 2.10. Na uku na ce bari in ƙara mata wuta, na riƙe birki na ɗaga inji sama da yadda na saba, na saki. Ta cafki ƙasa da kyau na ɗan lokaci sai tsallen ya dawo, kuma ya fi na da muni saboda yanzu akwai ƙarfe da ke dukan sifirin duk sanda ta yi sama ta dawo, ni kuma taurin kai ya hana ni ɗaga ƙafa, ina cewa yanzu za ta daidaita. Sai na ji ƙau, inji ya yi ihu shi kaɗai, motar ta daina ja, ƙarƙashina wani abu na bugun bodi. Na gangara gefe na kashe.

Kuros ɗin farfela na baya, wato mahaɗinta da aksil, shi ne ya fashe, kofunansa biyu sun watse, ƙananan alluran cikinsa ma'aikatan fili suka dinga sharewa da tsintsiya, aka tsayar da layi kusan minti ashirin saboda ni, kowa na kallona. Farfela ta faɗo ta bugi salansa ta lotsa shi. Allah Ya taƙaita na baya ne, dan in na gaba ne ya tsinke bakin farfela ƙasa yake caka yayin da mota ke tafe, yana iya ɗaga bayan motar gaba ɗaya. Shi ya sa dokar NHRA, ƙungiyar da ke kula da irin wannan tsere a Amurka, ta wajabta zoben ƙarfe da ke kewaye farfela, cikin inci 6 daga kuros na gaba, ga motar da ke yin kwata mil cikin daƙiƙa 13.99 ko ƙasa da haka da tayar silik, wato tayar tsere marar zane. Na san da dokar, na ce ai ni ba silik nake sawa ba. Dattijon nan na ranar farko yana wajen, bai ce min komai ba, kawai ya taya ni tura motar. Da ma zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

17 ga Maris

Mun kwance. Babban ganye na dama ya lanƙwashe daidai inda robar ke mara, kana ɗora rula a kai za ka ga haske a ƙasa, na hagu ma ya fara. Oga bai ce ai na faɗa maka ba, ya dai ɗora rular ya miƙo min tocila.

Lissafin asara: kuɗin janwe, kuros biyu tunda na gaban ma ba zan yarda da shi ba, yok na aksil, wato ƙarfen da kuros ke zama a ciki, da kunnensa ya buɗe, gyaran farfela da balansin, manyan ganye biyu, salansa. Na tara ya wuce kuɗin sandar da na ce ta yi tsada, har da ragowa. Laifin ba na silafa ba ne a matsayinsa na silafa, mutane sun yi shekaru suna tsere da shi lafiya lau in robar ta sauka daidai ƙarƙashin ido, nawa ne bai kai ba kuma na gani da idona.

21 ga Maris

Farfela na wajen balansin. Ba abin da aka yi.

23 ga Maris

Wani abokina mai dizal ya kawo tasa in gani, ya dage sai in sa doguwar sanda irin tasa. Na shiga ƙarƙashi na kwanta na duba. A tasa ta yi daidai, motar a ɗage take, akwai bulo tsakanin aksil da sifirin wanda ke ƙara wa murɗawar ƙarfi, ga fili ko'ina. Amma na lura da wani abu, aksil in yana hawa da sauka ba miƙe yake tafiya ba, baka yake zanawa da idon sifirin na gaba a matsayin tsakiya, ita ma sandar tana zana nata bakan daga inda aka ɗaure ta a shasi, in bakan biyu ba su yi daidai ba sai su dinga faɗa da juna, baya ya ƙage. Shi ya sa masu kyau ake sa musu shakul, wato ɗan mahaɗi mai lilo, a gaba ya ba su ɗan wasa. Tawa kuma a ƙasa take, in na rataya wannan sandar duk wani tudu sai mun gaisa da shi. Kuma abin da nake nema ya wuce hana murɗawa kawai, ina so ƙarfin murɗawar nan ya koma danna taya a ƙasa.

Lada ba kuwa na cire shi a lissafi, in za a haɗa shi da sifirin mai ganye sai an sa abin da zai bar aksil ya yi ɗan zamiya a kan sifirin, ga walda, ga motar ta zama ta fili zalla, ni kuma ina hawanta zuwa aiki wani lokacin. Saura mai faranti. Abokina ya ce na cika bin tsada, na nuna masa tsohon kuros ɗin da na ajiye a kan benci.

24 ga Maris

Wannan karon sai da na auna komai kafin oda. Faɗin ganye inci 2.5, faɗin ramin ido, kaurin bututun aksil, nisa daga fin ɗin tsakiya zuwa ido, kuma na rubuta musu da manyan baƙaƙe cewa aksil ɗina a saman sifirin yake, dan farantin ƙasa na motar da aka sauke daban yake da na wadda ba a taɓa ba. Na haɗa da zoben farfela da sababbin yu-bol, tunda ba a son maimaita tsofaffi in an taɓa ɗaure su tam.

2 ga Afrilu

Kaya sun iso, an maida ganye da farfela, an ɗaura zobe.

4 ga Afrilu

Ranar ɗaura sanda. Aikin da ya ci rana shi ne fitar da bushin roba daga idon sifirin dan a sa na alminiyom da ya zo a kwalin. Da ma na yi shi tun ganyen na ƙasa kafin a maida, ban yi tunani ba, sai da muka sake sauke gaban kowanne. Robar ta fita da ɗan wuta, amma kwanon ƙarfen da ke kewaye da ita ya ƙi, sai da na zura zarto ta cikin ramin na tsaga shi a hankali kar in taɓa idon, sannan ya fito da kurfi da guduma. Na shafe sabon da giris sosai dan farantin a kansa zai dinga juyawa.

Ita sandar bakinta ɗaya zaren dama ne ɗayan na hagu, kana juya ta sai ta ƙara tsawo ko ta rage ba sai ka kwance komai ba. Na saita har fin ya taɓa ganye, na ƙara kwata juyi, na kulle noti, na sauke jak ina murna, sai na ga ɓangaren hagu ya ɗaure tam kamar an yi masa walda, na dama kuma yana lilo. Ashe a rataye na saita, aksil na reto. Ana yin sa ne mota na tsaye da ƙafafunta a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, da nauyin direba a kujera. Na zaunar da ƙanena a mazaunina na ɗora masa tsohon batir a cinya dan ya kai nauyina, yana ta mita, na sake yi daga farko. Farantin na da ramin sama da na ƙasa inda ake ɗaura sandar, da na ƙasa na fara.

5 ga Afrilu

Na zaga da ita a titi. Tana ƙara ƙwas ƙwas a kan kowane rami kuma baya ya yi tauri, dama an ce haka ne tunda roba ta fita. Na sassauta sandar na bar 'yar tazara, ta yi dama-dama. In zan je fili sai in maida, na sa alamar fenti a jiki dan kar in ɓata lissafi.

8 ga Afrilu

Wata rawa ta fito wajen gudun kilomita 90, a kujera nake jin ta ba a sitiyari ba, wato daga baya take. Na ɗora ma'aunin kusurwa a kan farfela da kan yok, sai na ga hancin aksil kusan a miƙe yake da farfela, alhali so ake ya ɗan duƙa ƙasa yana tsaye, ta yadda in ƙarfi ya zo ya ɗaga shi sai su daidaita. Motar sifirin da ba ta da sanda tana son duƙawa mai yawa saboda tana murɗawa sosai, mai irin sandata digiri 2 zuwa 4 ake yawan nema. Na sayo weji na digiri 3, wato ɗan faranti mai kauri a baki ɗaya da ake sawa tsakanin aksil da sifirin, na ƙarfe, ban yarda da na alminiyom ba dan yana iya tsagewa a wajen.

Na sa kaurin yana kallon gaba yadda na gani a wani zane, na auna, hanci ya ƙara ɗagawa sama. Na zauna a ƙasa ina kallon abin kamar wanda aka yi wa asiri, can sai ya faɗo min, zanen na motar da aksil ke ƙarƙashin sifirin ne, tawa a sama yake, dole kaurin ya kalli baya. Kwance notin yu-bol takwas, juya, ɗaure, da sabon fin na tsakiya mai dogon kai dan tsohon wejin ya haɗiye shi. Yanzu digiri 3 ƙasa. Rawar ta ragu ƙwarai, ɗan abin da ya saura ina zargin tayar hagu.

12 ga Afrilu

Fili. Tsalle ya tafi, ko sau ɗaya bai yi ba, na ma rasa yadda zan yi da jikina dan na saba ɗaure haƙora. Amma wata sabuwa ta ɓullo, tana cafkar ƙasa da ƙarfi, ta yi kamar tsawon mota ɗaya, sai taya ta saki ta kama juyawa a banza. 1.98, 2.02, 1.96. Tayar dirag radiyal ce, wato ta tsere mai taurin gefe, kuma halinta ke nan, in ta fara sulɓi ba ta sake kamawa sai ka ɗaga ƙafa, ba kamar silik mai laushin gefe ba da ke yafiya.

Nan na yi wautar da ta fi ta silafa. Na maida sanda ramin sama, na rage iskar taya, na ƙara rabin juyi a kowane gefe, duk a lokaci ɗaya. Ta yi 2.11 kuma ta ja dama har sai da na gyara sitiyari. Wanne ne ya ɓata a cikin ukun, oho. Na dawo gida da takardun sakamakon gudu da ba su koya min komai ba.

13 ga Afrilu

Na kalli bidiyon jiya. Da an saki birki bodi na rabuwa da taya da sauri, baya ya ɗaga, shokazoba ya miƙe har ƙarshensa cikin ƙiftawar ido, yana kaiwa ƙarshe sai ya fizgo tayar sama, daidai nan take saki. Na cire ɗaya na ja da hannu, ba wani ƙarfi, kamar famfon keke. Sandar na aikinta, shok ɗin ne ba ya iya rage mata gaggawa, ramin sama kuma ƙara mata zafin bugu ya yi. Na yi odar masu saiti. Wani kuɗin kuma, uwargida ta tambaya ko motar ce za ta dinga biyan haya.

19 ga Afrilu

An sa shok, komai ya koma yadda yake ranar 4 ga wata, ramin ƙasa, kwata juyi, iskar taya 22.

20 ga Afrilu

Yau abu ɗaya nake taɓawa a kowane gudu, ina rubutawa a bayan takardar kafin in fita daga mota. Shok a tsakiya, 1.93. Na ƙara masa tauri wajen miƙewa danna biyu, 1.88, sakin nan ya kusa ɓacewa. Iska daga 22 zuwa 20, 1.85. Zuwa 18, 1.82. Zuwa 16, 1.84 kuma a ƙarshen fili baya na ɗan yawo, na koma 18. Har yanzu tana ɗan jan dama, wannan kuma murɗawar farfela ce ke rage wa tayar dama ta baya nauyi, ta hagu ta fi kamawa sai ta tura motar dama. Na ƙara kwata juyi a sandar dama kawai. Ta fita a miƙe kamar an ja zare, 1.79, kwata mil 13.19.

Inji ban taɓa shi ba tun 2 ga Maris, ko fulogi ban canza ba. Dattijon ya karɓi takardar ya duba ya ce yanzu ka fara tsere, ya miƙo min.

22 ga Afrilu

Na bi duk notin da sifana, yu-bol na dama biyu sun ɗan saki, na ɗaure. Fin ya fara yi wa saman ganye ɗan sheƙi inda yake dannawa, na sa giris zan dinga dubawa. Silafan nan na nan a jingine, oga ya ce zai sa wa wata ƙaramar mota, na ce ya ɗauka.

Abin da ke gaba: maida batir can baya ta dama a cikin akwati, da makashin wuta a waje tunda dokar fili na buƙata in an matsar da shi. Sai in sake gwada ramin sama shi kaɗai yanzu da shok ke riƙewa, ranar da fili ke da danƙo sosai. Aksil shaf ɗin kuma na asali ne, tunda taya ta daina sulɓi duk ƙarfin a kansu yake sauka, ranar Asabar zan zaro su in duba haƙoran bakinsu ko sun fara murɗewa.